Wasiƙar Akawu: Yadda Lantarki Ke Tafiyar Da Waifar Mota

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni filin nan da ka saba ba ni, in yi wa masu karatu bayanin wani ɗan abu da ke jikin mota, wanda kowa ke gani kullum, amma kaɗan ne suka san cikinsa. Abin nan kuwa shi ne waifa, watau 'yan sandunan nan biyu masu bakin roba da ke kai da komo bisa gilashin gaba suna share ruwa. Ga hadari ya fara haɗuwa gabas, damina ta kawo kai, shi ya sa na ga ya kamata a yi maganarta yanzu, gama an ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Watakila wani ya ce, me ya haɗa akawu da wayarin mota? To, akawu ma fasinja ne. Duk wanda ya shiga mota ya ba direba amanar wuyansa, direba kuwa da idonsa yake tuƙi, idon nan in ana ruwa sai abin da waifa ta buɗe masa yake gani. Tun da lissafi shi ne sana'ata, bari in yi muku shi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa ɗaya tana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya. In ruwa ya rufe gilashi daƙiƙa 3 kawai, ta riga ta ci mita 50 direba bai ga kome ba. Mita 50 kuwa ta isa a haɗu da amalanke, ko garken shanu, ko yaro mai ƙetare hanya. Raina kama ka ga gayya.

A farkon zamanin motoci babu waifa ko kaɗan. In ruwa ya sauko sai direba ya tsaya ya goge da tsumma, ko ya leƙo da kai waje yana tafiya. Wata mace mai suna Mary Anderson, mutuniyar jihar Alabama ta ƙasar Amurka, ta je birnin New York cikin sanyi, ta ga yadda mai tuƙin jirgin cikin gari ke fama da ƙanƙara bisa gilashi. Sai ta ƙago sanda mai bakin roba wadda ake juyawa da hannu daga ciki, aka ba ta takardar shaidar ƙirƙira a shekarar 1903. Bayan wannan aka yi waifa mai aiki da zuƙar iskar injin mota, wadda kamfanin Trico na birnin Buffalo ya yi suna a kanta. Amma tana da wani mugun hali. In direba ya taka totur ƙwarai, kamar wurin hawan tudu ko wuce wata mota, sai zuƙar ta ragu, waifa ta yi sanyi ko ta tsaya cik, daidai lokacin da aka fi bukatarta. A shekarar 1926 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da ɗan injin waifa mai aiki da lantarki, wanda babu ruwansa da taka totur. Irinsa ne ya ci gaba har ya kori sauran.

To, kafin mu shiga cikin waifa, sai mun san hali guda na lantarki, wanda shi ne tushen maganar duka. Lantarki ba ya fita gida sai ya ga hanyar komowa. Batirin mota yana da kai biyu, ɗaya mai alamar tarawa, ɗaya mai alamar ɗebewa. Wuta tana fita ta ɗaya, ta bi waya, ta ratsa abin da za ta yi wa aiki, sa'an nan ta koma ta ɗayan. In aka yanke hanyar nan a ko'ina, ko gaba ko baya, sai kome ya tsaya. Ƙarfin batirin ƙananan motoci bolt 12 ne, manyan motocin kaya kuwa galibi bolt 24. Don a rage yawan waya, masu ƙera mota sun ɗaure kan batir mai alamar ɗebewa ga ƙarfen jikin motar, saboda haka bodin da kansa shi ne hanyar komowa. Ku riƙe wannan, don za mu bukace shi wurin maganar gyara.

Ga zangon da wuta ke bi kafin ta kai ga waifa. Daga batir ta je wurin makulli, shi ya sa a yawancin motoci waifa ba ta motsi sai an murɗa makulli. Daga makulli ta je fis. Daga fis ta je makunnin nan mai kama da ɗan sanda da ke gindin sitiyari. Daga makunni ta je ɗan injin waifa, wanda ke ɓoye gindin gilashi, ƙarƙashin murfin gaba. Daga nan ta shiga bodi ta koma batir.

Fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi da gangan ya fi sauran hanyar rauni. In wuta ta yi yawa fiye da kima, shi ke fara narkewa ya yanke hanya, waya da inji su tsira. Na waifa yakan kama daga amfiya 15 zuwa 30, gwargwadon mota, adadin kuwa yana rubuce a bayansa. Irin fis ɗin nan mai ƙafa biyu da ke cikin motocin yanzu har launi aka ba shi: shuɗi amfiya 15, rawaya 20, kore 30. Ɗan injin waifa in yana tafiya lafiya bisa jiƙaƙƙen gilashi 'yan amfiya kaɗan yake sha, amma in wani abu ya riƙe shi ya kasa juyawa, sai ya ja ninkin ba ninkin. Saboda irin ranar nan aka ajiye fis.

Shi ɗan injin kuwa, in ka buɗe shi za ka tarar da maganaɗisu biyu manne a jikin kwanonsa, da wani dunƙule a tsakiya wanda aka nannaɗe da wayar jan ƙarfe, shi ne mai juyawa. A bakin dunƙulen akwai zobe na 'yan ɓangarorin jan ƙarfe, inda ƙarshen kowane naɗi ya tsaya. Wasu 'yan gawayi, waɗanda masu wayarin ke kira burushi, suna goga jikin zoben nan, su ne ke zuba masa wuta. Da wuta ta ratsa naɗin waya sai shi ma ya zama maganaɗisu, na jikin kwano su ja shi ta nan su ture shi ta can, ya juya. Yana juyawa sai wani ɓangaren zoben ya zo ƙarƙashin burushi, wani naɗin ya karɓi wuta, a sake ja a sake turewa. Haka juyi ke ɗorewa.

Juyin nan yana da sauri ƙwarai, amma ba shi da ƙarfin jan sanduna. Don haka aka yi wa bakin sandar injin zare irin na sukuru, zaren nan yana cizon haƙoran wata babbar giya. Sai injin ya juya kamar sau 50 kafin giyar ta zaga sau ɗaya. Sauri ya ragu ke nan, ƙarfi ya ƙaru. Har wa yau, irin wannan haɗi yana da wuya a tura shi ta baya, shi ya sa iska ba ta iya kaɗa sandunan yadda ta ga dama, shi ya sa kuma bai kamata mai wanke mota ya riƙa jansu da ƙarfi bisa gilashi ba. A jikin babbar giyar akwai ɗan guntun hannu, an haɗa shi da dogayen ƙarafa zuwa gindin kowace sanda. Duk wanda ya san keken ɗinki na ƙafa ya san dabarar nan. A keke, ƙafar tela ke kai da komo, ƙarfe ya mai da shi juyin gargare. A waifa kuwa giya ke juyawa, ƙarfe ya mai da shi kai da komo. Injin gefe ɗaya yake juyawa kullum, sandunan ne ke zuwa su dawo.

Yanzu ga tambaya: ta yaya inji ɗaya da batir ɗaya ke ba da tafiya biyu, ta sannu da ta sauri? Asirin yana wurin burushi, gama guda 3 ne. Na ɗaya shi ne na komowa, wanda ke haɗe da bodi. Na biyu yana daura da shi sosai, shi ne na tafiyar sannu. Na uku an karkatar da shi gefe kaɗan, shi ne na sauri. Makunnin gindin sitiyari aikinsa kawai ya zaɓi wanda zai ba wuta cikin biyun nan. Dalilin bambancin kuwa shi ne, duk injin lantarki in yana juyawa shi ma yana haifar da tasa wutar, wadda ke tunkuɗar ta batir. Yana ta ƙara sauri har tasa ta kusa kai ta batir, a nan saurinsa ke tsayawa. In an ba da wuta ta burushin nan na gefe, naɗin da ke haifar da wutar tunkuɗa ya ragu, saboda haka tilas injin ya ƙara gudu kafin ya kai matsayin nan. Sai dai abin da ya samu na sauri ya rasa shi wajen ƙarfi, don haka tafiyar sauri ta ruwa mai yawa ce, kada a sa ta bisa gilashi mai ɗan danshi. A Amurka har doka aka kafa, cewa lalle waifar ƙaramar mota ta kasance da tafiya biyu ko fiye, ɗaya ta kai shara 45 a minti ɗaya, tsakanin mai sauri da mai sannu kuwa a sami bambancin shara 15 ko fiye.

Abin da ya fi ba ni sha'awa cikin aikin nan duka shi ne yadda waifa ke komawa makwancinta. Ku lura, in direba ya kashe makunni sanduna suna tsakiyar gilashi, ba sa tsayawa nan. Sai sun ƙarasa sun kwanta gindin gilashi. Wa ya ba su wuta bayan an kashe? Akwai wata waya ta biyu da ta taso daga fis ta nufi injin kai tsaye, ba ta bi ta makunni ba. A bayan babbar giyar nan an manna faifan jan ƙarfe wanda aka yi wa giɓi wuri ɗaya, da 'yan yatsun ƙarfe masu goga jikinsa. Muddin sanduna suna sama, yatsun suna bisa faifan, wutar waya ta biyu tana ratsawa ta kai ga burushin sannu, injin ya ci gaba da tafiya ko da an kashe makunni. Da sanduna sun iso ƙasa, giɓin ya zo daidai yatsa, hanya ta yanke.

Amma yankewa kaɗai ba ta isa ba, don abin da ke gudu ba ya tsayawa nan take. Da an bar shi, da sai ya zarce giɓin, yatsa ya sake hawa faifai, waifa ta sake tashi, a yi ta haka ba iyaka. Saboda haka a daidai wurin nan faifan yana haɗa burushin sannu da bodi. Burushin komowa dama yana bodi. Wutar nan da injin ke haifarwa da kansa sai ta sami gajeruwar hanya ta zagayo cikinsa, ta riƙe shi kamar an taka masa birki, ya tsaya cak. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa in aka zare makulli waifa na tsakiyar tafiya, sai ta tsaya inda take, in aka sake murɗawa ta ƙarasa da kanta. Makulli ya yanke wa waya ta biyun wuta ne.

Saura tafiyar nan ta yayyafi, wadda waifa ke shara ɗaya ta huta, ta sake shara ta huta. A nan akwai wani ɗan akwati da ake kira rile, watau makunnin da lantarki ke kunnawa maimakon hannu. A cikinsa an sa wani ɗan abu mai tara wuta, ana ce da shi kondensa, da wani mai matse mata hanya. Ku ɗauka tulu ne ake cika shi ta ƙaramar kafa. In ya cika sai rile ya ba injin wuta na ɗan lokaci kaɗan, iyakar abin da zai fid da yatsa daga giɓi. Daga nan faifan ya karɓi aiki, ya kai sanduna ya komo da su ya kwantar, tulu kuwa ya koma cika. Ɗan zoben da direba ke murzawa jikin makunni shi ke ƙara faɗin kafar ko ya rage, hutun ya gajarta ko ya tsawaita.

Wannan dabara tana da labari. Wani malamin jami'a a birnin Detroit, mai suna Robert Kearns, ya yi tunanin yadda idon mutum ke ƙiftawa ya huta, ya ƙera waifa mai irin wannan hali, ya nemi takardar shaida a shekarar 1964. Ya nuna wa kamfanin Ford, ba su daidaita ba. A 1969 sai ga Ford ta fito da motoci masu irin waifar nan. Ya kai ƙara a 1978, aka yi shekara 12 ana shari'a, sai a 1990 aka ba shi gaskiya, Ford ta biya shi dala miliyan 10.2. Kamfanin Chrysler ma ya sha kaye hannunsa a 1992. Ya rasu a 2005.

Motocin zamanin nan sun ƙara gaba. A da yawa cikinsu makunnin gindin sitiyari ba ya ɗaukar wutar injin, saƙo kawai yake aikawa ga wata 'yar kwamfuta, ita ce ke kunna rile. Tun shekarun 1990 kuma aka fara yawaita wani ɗan ido da ake mannawa jikin gilashi ta ciki, bayan madubi. Yana harba wani haske da idon mutum ba ya gani cikin gilashin a karkace. In gilashi busasshe ne hasken ya dawo masa kusan duka. In akwai ɗigon ruwa sai wani sashe ya tsere waje, abin da ya dawo ya ragu, kwamfuta ta gane ana ruwa ta ta da waifa gwargwadon yawansa. Duk da haka, batir da fis da inji da hanyar komowa suna nan yadda na faɗa.

Ga mai motar Jamus da waɗanda suka bi tsarinsu, akwai lambobi rubuce a bakin wayoyi, sanin su yana rage wahala. 30 wutar batir ce kai tsaye, 15 wutar da ta bi ta makulli, 31 bodi. 53 tafiyar sannu, 53b tafiyar sauri, 53a ita ce waya ta biyun nan mai mai da waifa makwanci, 53c kuwa ta ɗan famfon da ke fesa ruwa bisa gilashi.

To, mene ne amfanin wannan bayani duka ga wanda ba makaniki ba? Amfaninsa shi ne, kowace cuta ta waifa tana nuna inda take. In an kunna babu motsi babu ƙara a kowace tafiya, a fara duba fis, sa'an nan a duba inda wayar komowa ta kama bodi, don tsatsa takan ci wurin ta toshe hanya alhali injin lafiyarsa lau. In ana jin kukan inji amma sanduna ba sa motsi, lantarki ba shi da laifi, ƙarfen haɗi ne ya ɓalle ko noti ya kwance. In sanda ɗaya ke tafiya, a duba notin gindin ɗayar. In ta sannu tana yi ta sauri ba ta yi, laifin yana wurin burushi na uku, ko wayarsa, ko makunni. In waifa tana tsayawa duk inda aka kashe ta, faifan nan ne ya yi datti ko yatsa ya cinye, ko waya ta biyu ta yanke. In ta ƙi mutuwa sam, ko rile ya manne ko yatsun faifai sun haɗe. In tafiyar yayyafi kaɗai ta ɓace, a tuhumi rile. In kuwa kowace tafiya ta zama ta ja da ciki, gindin sanduna ya bushe yana son mai, ko burushi sun ƙare. Wanda ya san wannan, in ya je wurin mai wayarin zai iya faɗin abin da ya gani daki-daki, ba kuwa za a sa shi sayen sabon inji saboda fis ɗin da ya ƙone ba.

Ina da kuka guda da nake so ya kai kunnen direbobinmu. An saba in fis ya ƙone, sai a naɗa masa zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin taba, a mayar, a ce an gyara. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Fis bai ƙone don wasa ba, wani abu ne ya sa wuta ta yi yawa, ko ƙarafa sun cije, ko wata waya ta goge ta taɓa bodi. Wanda ya toshe wurin da waya mai kauri ya kori mai gadi ya bar ɓarawo cikin gida. Wutar da za ta narkar da fis sai ta koma ta dafa injin ko ta narkar da rigar wayoyi, daga nan mota kan kama wuta. A sa fis mai adadi daidai da wanda aka cire. In sabon ya sake ƙonewa, a nemi dalili, kada a ƙara masa girma.

Mu a ƙasar nan muna da wata matsala ta daban, watau doguwar rani. Waifa takan yi wata 6 ko 7 kwance cikin rana, roba ta bushe ta tsattsage, wani lokaci har ta manne da gilashi, ƙurar hunturu kuwa ta cika gindin sanduna. Ran da ruwan farko ya sauko, a bisa hanya, ran nan ake tuna ta. Saboda haka ga shawarata. Tun yanzu kowane mai mota ya ɗaga sandunan a hankali ya goge robar da jiƙaƙƙen tsumma, in ta tsage ya sake ta. Ya cika tankin ruwan fesawa. Ya jiƙa gilashi tukuna, sa'an nan ya gwada kowace tafiya ɗaya bayan ɗaya, ya kashe a tsakiya ya ga ko za ta koma makwancinta. Kada a kunna waifa bisa busasshen gilashi mai ƙura, don yashi yana kankare gilashin, injin kuma yana wahala. A ajiye fis biyu ko uku cikin mota. Mai babbar mota ya tabbata injin da zai saya na bolt 24 ne in motarsa haka take, gama na bolt 12 ba zai daɗe ba zai ƙone.

Ku kuma fasinjoji, kuna da hakkin magana. In hadari ya taso kun ga direba yana leƙe ta taga, ko yaron mota yana miƙa hannu da tsumma ana cikin gudu, ku ce a tsaya gefen hanya har ruwa ya ɗauke. Jinkirin rabin awa bai kai asarar rai ba. Shugabannin tasha su ma in sun ga dama suna iya sa kowace mota ta kaɗa waifarta gabansu kafin a yi mata lodi cikin damina, abin ba zai ci minti ɗaya ba.

Iyakar abin da ke gare ni ke nan a wannan mako. Wanda ya karanta ya karanta wa direban da bai iya karatu ba, wanda kuma ke da tambaya ya aiko ta hannun Edita.

Wasalam.

Ni ne naku,
Akawu.